Zane mai tudu da sitansil: amsoshin tambayoyin da aka fi yi mini

Shekarun da na yi ina koyar da wannan aiki a zauren gidanmu da ke Tudun Wadan Zariya sun nuna mini cewa tambayoyin mutane ba su cika bambanta ba. Ɗalibin da ya sauko daga Samaru, da uwargidan da ke son abin ratayawa a falonta, da gardin da ya iya zayyanar allo yake son gwada hannunsa a wani abu sabo, kusan abu ɗaya ke damunsu: da me zan fara, me ya halatta in zana, kuma me ya sa nawa ya tsattsage. Ga abin da na saba amsa musu. Inda magana ta taɓa hukuncin addini, abin da na ji a gaban malamaina nake faɗa, ba fatawa nake bayarwa ba.

Wai mene ne aikin, kuma da me ya bambanta da zanen da muka sani?

Zane ne da ake haɗa kaya iri-iri a kan allo ɗaya: fenti, takarda, ƙyalle, ƙasa, fata, siririn ƙarfe. Sitansil kuwa leda ce mai kauri ko kwali da aka huda siffar abin da ake so, a ɗora, a shafa fenti ta cikin hujin. Duk wanda ya ga yadda ake buga lamba a jikin Keke, ko suna a bayan rigar 'yan ƙwallo, ya ga sitansil. Zane mai tudu shi ne wanda ya taso daga jikin allon. In ka shafa da yatsa za ka ji shi, in haske ya bugo ta gefe zai yi inuwa. Mu da muke wannan layi muna amfani da su ne wajen yin abin da zai tuna wa mutum Ubangijinsa, ko ya kwantar masa da hankali idan ya ɗaga kai ya kalla.

Malam, wannan ba haɗin gambiza ba ne kawai?

Yakan zama haka idan an tara kaya don kawai ana da su. Na sha ganin allon da aka lafta wa ruwan gwal da duwatsu da launi bakwai, har ido ya rasa inda zai sauka. Kafin ka taɓa fenti ka san abu guda da kake son mai kallo ya tafi da shi. In haƙuri ne, to haƙuri. In godiya ce, to godiya. Abin da ba ya taimaka wa wannan, ajiye shi don wani allon. Sabon ɗalibi launi uku nake ba shi, ba na ƙara masa sai ya gama allo biyar.

Ba daga Turai aka kawo mana shi ba?

Wasu daga cikin kayan aikin baƙi ne, amma aikin kansa ɗan gida ne, kuma Bazazzagi ya fi kowa cancantar ya san haka. Ka shiga Birni ta Ƙofar Doka, ka tsaya gaban tsohon gidan da har yanzu zanen magina ke jikin zaurensa. Magini ya ɗora ƙasa a bango tun tana da danshi, ya murza ta da yatsunsa ta zama kamar igiya, ya lanƙwasa ta, ya saƙa wannan ta ƙarƙashin wancan har dagi ya fito. Sa'ad da hasken rana ke gogar bangon ta gefe, kowane layi yana jan inuwarsa, zanen ya miƙe tsaye. Da rana ta fuskance shi gaba da gaba sai ya kwanta kamar babu shi. Duk sirrin zane mai tudu ke nan, kuma maginanmu sun san shi tun kafin a kawo mana fenti a gwangwani.

Tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu a ƙarni na 19, ginshiƙansa suna ɗauke da irin wannan zane, babu surar mutum ko dabba, sai layuka da kusurwoyi. Dukawa suna danna ado a jikin gafaka da ɗan ƙarfen bugu. Maƙeran Bida suna bugo fure a jikin tiren tagulla. Mai zanen babbar riga yana shata aska takwas a kan yadi kafin maɗinki ya ɗauki allura.

Ko a ɓangaren boko ma labarin ya bi ta garin nan. A 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Matsayinsu shi ne a koyi dabarar Bature amma a zana abin gida da ita. Onobrakpeya daga baya ya yi suna a duniya da zane mai tudu a kan siririn ƙarfe. Saboda haka in ka ɗauki gwangwani kana danna dagi a jikinsa, a kan turbar magabata kake.

Da wane kaya zan fara, alhali ba ni da kuɗi sosai?

Guntun filawud ko kwali mai kauri, kamar faɗin littafin rubutu. Farin gam na kafintoci. Farin fentin ruwa, da launi biyu ko uku na akirilik. Wuƙar yanka takarda mai sabon baki, rula, fensir, kamfas na lissafi, salatif na takarda, guntun soso na katifa, tsohon katin banki, da biron da tawadarsa ta ƙare. Kusan duka za ka same su a kasuwar Sabon Gari ko a shagunan kayan karatu na Samaru. Sauran kuwa suna cikin kwandon shara na gidanku.

Kada ka fara da babban allo. Ƙarami yana ƙarewa da wuri, kuskurensa kuma ba ya cin rai.

Da me ake yanka sitansil, kuma me ya sa tsakiyar harafina yake faɗuwa?

Kwali yana aiki sau biyu ko uku sai ya jiƙe ya yi laushi. Wanda ya fi shi shi ne ledar da ake sa wa a bangon takardun da aka ɗinke a shagon kwamfuta, ko tsohon hoton ƙashi na asibiti. Shi wannan in ka jiƙa shi a ruwan bilic baƙin zai wanke, ya bar maka leda mai shuɗi-shuɗi da ake gani ta cikinta, mai jure wanki. Ka ɗora ta a kan gilashi, ka yanka a hankali, kana juya ledar, ba hannunka ba.

Faɗuwar tsakiyar harafi kuwa rashin gada ne. Duk harafin da ke da ciki rufaffe, kamar mim da sad da wau da ha, idan ka zagaye shi da wuƙa cikinsa zai zube, ya bar maka rami. Sai ka bar ɗan siririn wuri biyu ko uku da ba ka yanka ba, su riƙe tsakiyar. Su muke kira gada. Faɗin milimita 2 ya isa a ƙaramin aiki. Bayan ka buga ka ɗaga ledar, sai ka bi da siririn burushi ka cike gurbin gadar. A adon fure ko tauraro ana iya barin gurbin, har kyau yake ƙarawa. A rubutun Larabci ba na bari, domin harafin da ya kamata ya haɗu da ɗan'uwansa in ya yanke, karatu ya canja.

Fentina yana malala ta ƙarƙashin sitansil. Ina matsalar?

Fenti ya yi yawa a sosonka. Dangwala kaɗan, ka goge a tsumma har ka ga kamar babu komai, sannan ka riƙa dannawa daga sama zuwa ƙasa kamar mai kirɓa, ba gogawa ba. Bugu uku marasa nauyi sun fi ɗaya mai nauyi. Ka manne gefen ledar da salatif, ka danne bakin hujin da yatsa a inda kake aiki.

Yaya ake haɗa kwaɓin da ke sa zane ya yi tudu?

Akwai na kanti, amma na gida yana aiki. Cokali 1 na farin gam, cokali 1 na farin fenti, cokali 3 zuwa 4 na garin alli ko hodar jarirai. Ka gauraya har ya yi kaurin man goge baki: in ka ɗebo a cokali ka kife, kada ya zubo. Ɗora sitansil, ka ɗebi kwaɓin da katin banki, ka ja shi a kan hujin sau ɗaya ko biyu, kamar mai yaɓe. Sannan ka kama kusurwa ɗaya ka ɗaga ledar sama kai tsaye tun kwaɓin yana ɗanye, ka jefa ta a ruwa nan take, domin in ya bushe a jikinta ta tashi aiki.

Wasu suna sa garin POP a madadin alli. Yana da ƙarfi, amma yana kamawa cikin 'yan mintoci, sai ka kwaɓa kaɗan-kaɗan. In kana son jikin aikin ya yi kama da bangon ƙasa, tankaɗe rairayi mai laushi ko jar ƙasa ka zuba a ciki.

Jerin aikin a wurina haka yake: farin fenti a kan katako sau biyu, sai launi na farko, sai takarda ko ƙyallen da za a manna, sai kwaɓin tudu, a bar shi ya kwana, sai launi na biyu, sai ƙarfe, ruwan gwal a ƙarshe. Doka ɗaya kada ka manta: fentin mai yana zama a kan na ruwa, na ruwa ba ya zama a kan na mai, ɓarewa yake yi.

Na yi aikina da hunturu, gari ya waye duk ya tsattsage.

Iskar hunturun Zariya tana busar da saman kwaɓi cikin ɗan lokaci alhali cikinsa ɗanye ne, sai saman ya tsuke ya dare, kamar yadda take yi wa leɓe da diddige. Kada kaurin shafe ɗaya ya wuce milimita 2 zuwa 3. In kana son tudu sosai, yi shi hawa-hawa, kowane hawa ya bushe. Ka ƙara gam kaɗan, ka shanya a cikin ɗaki, ka kifa kwali a kai don iska da ƙura. Da damina kuma matsalar juyewa take yi: aikin da ke bushewa a dare ɗaya sai ya nemi kwana biyu, kuma in ka yi saurin shafa masa banish, wato man sheƙin da ake rufe aiki da shi, danshi zai maƙale a ciki ya yi fari-fari.

Wanda ya riga ya tsage kada ka jefar. Shafa masa launi mai duhu mai ruwa-ruwa, ka goge saman da tsumma. Duhun zai zauna a cikin tsagar, ya fito kamar tsohon bango.

Ina son in yi a kan ƙarfe. Wane iri, kuma yaya ake yi?

Mafi sauƙi gwangwanin lemo. Yanke sama da ƙasa da almakashi, ka tsaga shi a tsaye, ka miƙar da shi ta hanyar jan sa a bakin tebur. Kaurinsa kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, biro ma yana danna shi. In kana son babba, je wurin masu ɗab'i ka nemi tsohon farantin alminiyan da suka gama bugu da shi. Ya fi gwangwani tauri, amma yana ba da faɗi. Bakin duka biyun yana yanka hannu, sai ka naɗe shi da salatif kafin ka fara.

Ɗora ƙarfen a kan abu mai laushi, kamar jaridu da aka ninka ko tsohon tawul. Shata zanen da busasshen biro. Daga baya kake dannawa, tudun yana fitowa a gaba. In ka gama cikin siffa da bayan ƙaramin cokali ko tsinke mai dunƙulen kai, sai ka juya shi a kan gilashi, ka bi gefen tudun da biro don bakinsa ya fito sarai. Haka za ka riƙa juyawa, baya a kan laushi, gaba a kan tauri. Ramin da ke baya a cika shi da kwaɓi ko kakin kyandir don kada ya lotse. Daga nan shafa baƙin man takalmi, ka goge sama, sai zanen ya fito.

Tunda daga baya ake dannawa, rubutu dole a juya shi kamar a madubi. Wannan darasi da ciwo na koye shi. A farkon farawata na kwana biyu ina danna Bismillah a kan faranti, ina ta murna, da na juya gaba sai na ga haruffan sun fito a birkice, daga hagu zuwa dama. Ba asarar farantin ce ta dame ni ba. Sunan Allah ne a hannuna a juye, ba na iya ratayawa, ba na iya jefarwa. Na kai wa malamina, ya ce in shafe haruffan tukuna. Na ɗora a kan dutse na yi ta bugu da guduma har ba a iya karanta komai, sannan na ba masu narkar da tukwane. Tun daga ranar nake rubutawa a takarda mai shara-shara, in kife ta, in duba a madubi kafin biro ya taɓa ƙarfe.

A kan takarda fa?

Nemi mai kauri, mai nauyin giram 200 zuwa 300 a kowace murabba'in mita. Manna sitansil a gilashin taga da rana, ɗora takardar a kai, haske zai nuna maka hujin. Shafa ɗan kyandir a bayan takardar don biro ya yi santsi, ka bi gefen hujin kawai, tsakiyar za ta taso da kanta. Fari a kan fari, babu launi ko ɗaya. A ganina babu wanda ya kai shi natsuwa.

Na ga ana barbaɗa wani gari a hura masa zafi ya narke ya yi ƙyalli. Dole sai da injin?

Garin roba ne mai narkewa. Ana buga zane da tawada mai jinkirin bushewa, a barbaɗa garin, a kaɗe ragowar, a sa zafi. In babu tawadar, gilisarin na kyamis yana riƙe shi. Na'urar busar da gashi ba ta yi, iskarta tana kwashe garin. In ba ka da injin zafin, kifa dutsen guga na lantarki, ka riƙe takardar a samansa ba tare da ta taɓa ba. Da ka ga garin ya juye ya yi sheƙi sai ka matsa gaba, in ka daɗe takarda za ta ƙone. A yi shi inda iska ke shiga.

Malam, me ya halatta in zana?

Wannan tambaya ta fi nauyi a wurin mai zane mai tudu fiye da mai zanen fenti. Malaman Malikiyya sun fi tsanantawa a kan surar abu mai rai wadda take cikakkiya kuma take da inuwa, mu kuwa inuwa ita ce sana'armu. Don haka ni ba na tayar da surar mutum ko dabba ko tsuntsu. Ya zo a Buhari da Muslim cewa wani mai sana'ar zane ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, ya ce masa in dai dole sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai.

Wanda yake ganin wannan ƙunci ne bai buɗe ido ba. Akwai ganyen dabino, da zangarniyar gero, da jinjirin wata, da tsaunin Kufena da magariba, da bakan ginin soro, da zanko, da dagi. Ga kuma lissafi: zana murabba'i, ka ɗora wani a kansa ka karkata shi da digiri 45, ka sami tauraro mai tsini takwas. Buɗe kamfas ka zana da'ira, ka taka gefenta da wannan buɗin, za ka dawo inda ka fara bayan taku shida daidai. Daga waɗannan biyun kaɗai ana iya cika bango, kuma sitansil ɗaya ya isa, maimaitawa ce.

Zan iya sa ayar Alƙur'ani?

Malamai sun yi saɓani a kan rataya ayoyi don ado, sai ka tambayi wanda kake karatu a wurinsa. Abin da zan ce shi ne, wanda zai yi ya san ya ɗauki amana tun daga teburin aiki. Ka yi alwala. Ka kwafo daga Mushafi, ba daga hoton waya ba, ka kai wa mahaddaci ya duba kafin ka yanka. Kada ka karya kalma don ta shiga cikin da'ira, kada ka cusa aya cikin ado har a kasa karanta ta.

Sai abin da mutane suka fi mantawa: guntaye. Idan ka yanka sunan Allah a leda, haruffan da suka fito daga hujin suna nan a ƙasa, ana iya takawa, ana iya sharewa zuwa bola. Takardar gwaji ma rubutu ce. Ina da gwangwani mai murfi a gefen teburina, duk abin da ya ɗauki harafi mai alfarma nan yake shiga. Na takarda in ƙone in binne tokar a wuri mai tsabta, kuma ƙonawa tana da asali, domin haka Sayyidina Usman ya sa aka yi da sauran rubuce-rubucen bayan an tattara Mushafi. Na leda in daddatsa har harafi ya ɓace. Ruwan da na wanke sitansil ɗin a gindin bishiya nake zubawa, ba a kwata ba.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya ɗauki kalma ɗaya, kamar sabr ko shukr ko salam, ko ya rubuta hikima da ajami. Nauyinta ya fi sauƙi, kuma kalma ɗaya da aka ba fili tana cika allo.

Ina ganin ana manna shafukan tsofaffin littattafai a bayan zane. In yi da na Larabci?

A'a, 'yar'uwa. Da wuya ka sami shafin littafin addini da babu aya ko hadisi ko sunan Allah a ciki, kuma mannawa tana nufin yagewa, da shafa gam, da rufe rabi da fenti. Tsohon rubutun hannu na gado ma ba kayan ado ba ne, a adana shi ko a kai inda ake kula da irinsa. In siffar rubutu kike so, yi naki layukan da alƙalamin kara. Haka nan hatimi: kada ki kwafi wanda ba ki san abin da ke cikinsa ba don kawai gidajensa sun yi miki kyau.

Wane irin rubutu ya fi dacewa da sitansil?

Namu na allo. Yana da kauri, jikinsa kusan ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe, yana ɗaukar gada ba tare da ya karye ba. Sai dai ka kiyaye ƙa'idarsa: fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigonta ɗaya a sama, kada ka gauraya da na bugun gabas a allo ɗaya. Launukan da marubutanmu suka saba da su ma abin aro ne: baƙi ga harafi, ja ga wasali, rawaya ga hamza, kore ga alifin sadarwa. Kufi mai murabba'i shi ma yana da sauƙin yanka tunda a takarda mai gida-gida ake tsara shi, amma karanta shi sai wanda ya saba. Sulusi yana da kyau ƙwarai, sai dai wutsiyoyinsa sirara ne, a bar shi sai hannu ya faɗa.

Launukan gida suna daɗewa?

Wasu. Jar ƙasa da farar ƙasa da baƙin gawayi ba sa gudun rana. A tankaɗe, a jiƙa, a tace, a haɗa da ƙaro kamar yadda ake tawadar allo, ko da farin gam in ana son kada ruwa ya ɗauke. Shuɗin baba na marina yana da kyau a kan ƙyallen da za a manna. Ruwan goro da na shayi da lalle suna ba takarda launin tsufa. Zoɓo kuwa yaudara ne: ranar farko ja wur, bayan 'yan watanni ya koɗe ya koma toka-toka. Ruwan gwal na ganye, wato siririn fallen da ake mannawa, wanda ake sayarwa da araha tagulla ce, tana dusashewa in ba a rufe ta da banish ba.

Ni Kirista ce daga Wusasa. Aikin ya shafe ni?

Ƙwarai kuwa, kuma ina da ɗalibai irinki. Dabarar ɗaya ce. Cocin St. Bartholomew da ke unguwarku, wanda aka gina da ƙasa a 1929 bisa tsarin ginin Hausa, ya isa ya ba ki siffofin da za ki yi shekara kina yankawa. Aya daga Zabura da Hausa tana zama daram a sitansil, kuma haruffan boko ma suna son gada: a, b, d, o, da ɗ da ɓ.

Yin wannan zane ibada ne?

Ba zan kira shi ibada ba, kuma ba ya maye gurbin raka'a ɗaya. Sana'a ce, niyya ke ɗaga ta ko ta kayar da ita. Amma yana da wani abu da na daɗe ina lura da shi: aikin maimaitawa ne, ɗigo bayan ɗigo, kuma harshe yakan sami abin yi sa'ad da hannu ke tafiya.

Shekarar da mahaifina ya rasu, damina ta kayar da gefen zauren da yake zama yana karatu. Kafin a kwashe ƙasar na ɗebi kwano ɗaya. Na tankaɗe ta, na kwaɓa da gam, na yaɓa a kan katako, jajir kamar yadda bangon yake. A tsakiya na danna kalmar sabr a kan gwangwani, na zagaye ta da ɗigo 99, kowane ɗigo na danna shi da addu'a gare shi. Ban sa gwal ba, ban sa komai ba. Yana ɗakin mahaifiyata. Wani lokaci in na shiga gaishe ta nakan tarar ta kai hannu tana bin ɗigon da yatsa.

Yara za su iya?

Za su iya buga soso da jan kwaɓi tun suna 'yan firamare. Wuƙa da gwangwani da zafi na babba ne. Fentin feshi kuwa a tsakar gida, da takunkumi.

Na gama. Yaya zan kiyaye shi, kuma ina zan rataya?

Bar shi ya bushe sosai, sannan ka shafa banish na ruwa sau biyu, sirara. Ka fente bayan katakon da gefensa, in ba haka ba zai sha danshin damina ya lanƙwashe. In ka yi amfani da ƙaro ko koko wajen mannawa, kyankyasai za su bi shi, sai a sa shi cikin firam mai zurfi yadda gilashi ba zai taɓa tudun ba. Bangon ƙasa kuma a riƙa duba bayan allon saboda gara. Ƙurar hunturu da busasshen burushi mai laushi ake kaɗe ta, ba da jiƙaƙƙen tsumma ba.

In akwai aya ko sunan Allah, kada ya kasance kusa da banɗaki, ko ƙasa-ƙasa inda ake miƙe ƙafa, ko saman talabijin. Wajen haske kuwa, kada ka sa shi a bangon da ke fuskantar taga, zai kwanta. Nemi bangon da taga ke gefensa. Kafin ka buga ƙusa, sa wani ya riƙe maka allon, ka ja baya taku huɗu ka duba da safe, ka sake dubawa bayan la'asar, sannan ka ɗauko guduma.